Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shimfiɗa Layin Dogo Ta Cikin Dazuzzuka

Zuwa ga shugabannin hukumomin jiragen ƙasa, ministocin sufuri da na muhalli, da shugabannin bankunan da ke ba da rancen gina layin dogo.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin jama'a da ya ɗora muku.

Ni ma'aikacin gandun daji ne, sana'ata nazarin tsirrai da ƙasar da suke tsirowa a kai. Da yawun abokan aikina nake magana: malaman daji, masu renon dashe, ɗaliban kimiyyar ƙasa, da mutanen da abincinsu ke bakin daji, wato masu kiwon zuma, masu ɗibar saiwa da sassaƙen magani, da manoman da gonakinsu ke shan ruwan da ke gangarowa daga kurmi.

Abin da ya tunzura mu rubutu wani sakaci ne da muke gani yana maimaituwa duk inda layi ya ratsa daji. Kafin a soma aiki akan haɗa rahoton tasirin aikin ga muhalli, a yi masa bango mai kyau, a sa hannu. Ana cikin aiki akan ga motar masu sa ido jefi-jefi. Ranar da aka yanke ƙyalle jirgi ya yi kukan farko, ɗan kwangila ya kwashe katafilolinsa, banki ya rufe fayil, hukumar jirgi ta koma kan tikiti da jadawali. Daga ranar babu wanda dajin gefen layi yake wuyansa, alhali a ranar ce ɓarnar da ta fi daɗewa take somawa. Yanzu da ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ke ta sa hannu a kan sababbin layuka, in muka yi shiru mun ci amanar aikinmu.

Bari in kawar da wani zato tun da wuri. Mu masoyan jirgin ƙasa ne. Jirgi guda yana jan kayan da sai an jera manyan motoci bila adadin kafin su kwashe, filin da layi ke ci bai kai na babbar hanya mai tagwaye ba, hayaƙin da yake fitarwa a kan kowane tan na kaya kuma ya yi ƙasa da na mota nesa ba kusa ba. Kukanmu a kan yadda ake shimfiɗa shi ne, da yadda ake juya baya da zarar an gama.

Kuka na farko a kan lissafi ne. In aka tambayi injiniya nawa layi ya ci daga daji, sai ya ninka faɗin filin da aka share da tsawonsa, ya ba da hekta. A takarda lissafin daidai yake, amma ɓarnar ba ta tsayawa inda tef ɗin awo ya tsaya. Kurmi mai rufaffen sama yana riƙe da inuwa da laima, tsirran da ke ƙasansa kuma da wannan suka saba. Da an tsaga shi, rana da busasshiyar iska sai su kutsa ta gefe. Ganyen da ya zube ya bushe maimakon ya ruɓe, ƙananan itatuwan da ke jiran lokacinsu a inuwa su ƙone, manyan da a da maƙwabtansu ke tare musu guguwa su soma faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, masu yaɗo su haye waɗanda suka rage. A dajin Amazon, kusa da birnin Manaus na ƙasar Brazil, akwai binciken da Thomas Lovejoy ya assasa a 1979, inda aka shafe shekaru ana bibiyar guntayen dajin da aka yanke. An ga mutuwar bishiyoyi ta fi tsanani a mita 100 na farko daga baki, ana kuma iya ganin alamarta har mita 300 a ciki, kuma manyan bishiyoyi ne suka fi tafiya. Layin dogo kuwa baki biyu yake yi wa daji, dama da hagu, iya tsawon tafiyarsa. Ku ɗauka an share mita 40. Ku ƙara mita 100 a kowane gefe, ya zama 240, ninki shida na abin da aka rubuta a rahoto, aka kuma biya diyyarsa.

Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dazuzzukan da suka rage a duniya ba su wuce kilomita ɗaya daga baki ba. Ashe ke nan tsakiyar daji ta ainihi ta yi ƙaranci, kuma ita ce layin da aka miƙe ɗoɗar don rage kuɗi yake tsagawa. Ga kuma maganar iri. Bishiyoyi da yawa, musamman masu manyan 'ya'ya, sun dogara ne da birai da giwaye da tsuntsaye su kai musu irinsu nesa. Akwai tsuntsayen ƙasan kurmi da ba sa ƙetare fili, akwai dabbobin da shingen waya ko tudun layi ke tarewa. Uwar bishiya tana nan tsaye, kowa yana ganinta ya ce daji lafiya lau, amma 'ya'yanta sun daina isa ɗaya ɓangaren. Sai bayan shekaru masu yawa gibin yake fitowa fili.

Kuka na biyu, wanda ya fi ci mini rai, a kan ƙasa ne. A ganina ita ce aka fi zalunta, don ba ta fitowa a hoto. Ƙasar sama ta daji, wannan baƙar da sau da yawa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a cikinta kusan komai yake: irin tsirrai da ke kwance yana jiran haske, ruɓaɓɓen ganye, tana da gara da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, da wasu siraran zare farare, dangin naman kaza, da ke manne wa saiwa suna janyo mata ruwa da abinci. Mafi yawan tsirran duniya da taimakon wannan zare suke rayuwa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce santimita biyu zuwa uku na ƙasa kan iya ɗaukar shekara 1,000 kafin su samu. Katafila kuwa a wuni guda take kankare ta, ta tura ta gefe, ta cakuɗa ta da jar ƙasa da marmara, ko a loda ta a tifa a cike rami da ita. Ko a inda aka ce an adana ta, sai ka tarar an yi tsibi mai tsawo an bar shi rana da ruwa shekara da shekaru. Tsakiyar irin wannan tsibi iska ba ta shiga, iri ya ruɓe, zaren ya mutu, abin da za a mayar daga baya sunansa kawai ƙasar sama.

Na taɓa bin wani layi a ƙasa 'yan shekaru bayan buɗe shi, ina riƙe da sandar ƙarfen da muke gwada taurin ƙasa da ita. A cikin kurmi, da hannu ɗaya nake danna ta ta nutse. Na ɗebi ƙasar wurin, baƙa ce mai laima, tana warwarewa a tafin hannu, ga farin zare ya ratsa ta, ga tana tana motsi. Na fito filin da motocin aiki suka yi ta bi a gefen layi, na ɗora duk nauyina a kan sandar, ko ɗan yatsa ba ta shiga ba. Wurin ya zama kamar daɓen ɗaki. An dasa itatuwa a nan, ga ramukan a jere, ga turakun da aka kafa musu, amma dashen sun tsaya iya gwiwa, ganyensu rawaya. Da na tone guda, sai na ga saiwar ta sauka ta ci karo da tauri, ta lanƙwashe ta bi gefe ta naɗe kanta. A takardar miƙa aiki, an rubuta cewa an farfaɗo da wannan wuri.

Masana ƙasa sun daɗe da sanin cewa wucewar farko-farko na babbar mota ne ke yin mafi yawan dannewar, musamman in ƙasa na da danshi, kuma a ƙarƙashi abin kan ɗauki gomman shekaru bai warware ba. Dannanniyar ƙasa ba ta shan ruwa. Ruwan sama sai ya gudu a kanta, ya kwashi abin da ya samu, ya zuba a rafi. Ƙari a kan haka ga kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar cikawa, ga wuraren fasa dutse, ga sansanin ma'aikata da hanyoyin shiga. Sau da yawa waɗannan ba sa cikin faɗin layin da aka auna, don haka ba sa cikin lissafin kowa.

Na uku shi ne ruwa. Jirgi ba ya son hawa da gangara, saboda haka akan yi masa tudu a kwari, a yanka masa tsauni. Tudun nan da ya miƙe kilomita da kilomita madatsar ruwa ce, ko an yi niyya ko ba a yi ba. Ruwan da a da yake malala a faɗi, yana ratsa daji a hankali, yanzu sai ta 'yan kwalbatoci zai wuce. A wancan layin da na ambata, na tsaya a kan tudu na duba dama, bishiyoyi ne a tsaye cikin kwantaccen ruwa, sun mutu, ɓawonsu ya sale, don saiwa ma tana buƙatar iska. Yashi ya cike bakin kwalbatin fiye da rabi. Na duba hagu, inda ruwan ke fita da ƙarfi ya haƙa kwazazzabon da ya fi tsayin mutum, saiwoyi na reto a bangonsa, can gaba kuma fadamar da ruwan ya daina kaiwa ta bushe. Wannan ba a wuri ɗaya ya tsaya ba. Layin Mombasa zuwa Nairobi na ƙasar Kenya, wanda aka buɗe a watan Mayun 2017, ya ratsa gandun Tsavo, kuma masu binciken da suka bi shi sun wallafa a 2021 cewa sun tarar da zaizayar ƙasa, ambaliya, da cikewar magudanan ruwa da laka a sassansa. Injiniya yakan auna kwalbati ne da tambaya ɗaya, ko ruwa zai karya layi. Babu mai tambayar ko dajin ɓangarorin biyu zai ci gaba da samun ruwansa yadda ya saba.

Na huɗu, baƙin tsirrai. Layin dogo ya haɗa duk abin da suke so: fili buɗaɗɗe, ƙasar da aka tayar, tsakuwa mai zafi, da iskar jirgi da ke tura iri gaba. Tarihi ya isa shaida. Akwai wani tsiro mai rawayan fure, Senecio squalidus, ɗan asalin dutsen Etna na Italiya, da aka kai lambun tsirrai na Oxford a Ingila. Ya daɗe a katangun garin bai yi nisa ba. Da layin dogo ya iso Oxford a 1844, sai ya tarar da tsakuwar layi ta yi daidai da duwatsun garinsu, ya bi ta ya bazu a Birtaniya. Masanin tsirrai George Claridge Druce ya rubuta cewa da idonsa ya ga irinsa ya shigo taragon da yake ciki a kusa da Oxford, yana shawagi a iska har ya fice a Tilehurst. Wannan ma mai sauƙi ne. Wani tsiron da aka kawo Turai daga Japan a ƙarni na 19, Reynoutria japonica, har dasa shi aka riƙa yi a gefen layuka don ya riƙe ƙasa. Yau ɗan guntun saiwarsa da ya maƙale a ƙasar da aka kwasa ya isa ya kafa sabon kurmi inda babu abin da ke tsira a ƙarƙashinsa. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara a Birtaniya ta tabbatar da hukunci a kan kamfanin Network Rail, mai kula da layukan dogo na ƙasar, saboda wannan tsiro ya kutsa filin maƙwabtan layi a Wales. Gidaje suna da masu kai ƙara. Daji ba shi da su, shi ya sa muke rubuto muku.

A ƙasashe masu zafi kuwa akwai Parthenium, ɗan asalin nahiyar Amurka, wanda ya mamaye gefen hanyoyi da layuka a Indiya da Habasha da Kenya. Tushe guda yana zubar da dubban iri, yana fitar da sinadarin da ke hana wasu tsirrai tsirowa kusa da shi, yana jawo wa mutane ƙaiƙayi da ciwon ƙirji, yana ɓata madarar dabbar da ta ci shi. Ga Lantana, ga Chromolaena, dukansu daga bakin fili suke farawa su kutsa duk inda bishiya ta faɗi. Rahoton da kwamitin masana na duniya kan halittu, IPBES, ya fitar a 2023 ya ƙirga baƙin halittu masu ɓarna sama da 3,500, ya kuma ƙiyasta asarar da suke jawowa da fiye da dala biliyan 423 a shekara. Galibi ba a cikin tarago suke fara isowa ba. A tayar katafila suke zuwa, a cikin ƙasar cikawa da tsakuwar da aka ɗebo daga nesa, wani lokaci ma a cikin buhun irin ciyawar da ɗan kwangila ya saya don rufe gangare.

A nan akwai tarkon da nake roƙon ku kula da shi in an kawo muku rahoto. In aka ƙirga nau'o'in tsirrai a gefen layi, sau da yawa adadin yakan fi na cikin daji, saboda ciyayin fili da baƙin tsirrai sun shigo sun ƙaru a kan 'yan ragowar na asali. Na karanta rahoton da ya kafa hujja da wannan ya ce aikin ya ƙara yawan tsirrai. Waɗanda suka shigo ana samunsu a kowane juji a duniya. Waɗanda suka fita, masu son inuwa ne, masu jinkirin girma, wasunsu ba a san su a wani wuri ba sai a wannan dajin. Ku riƙa tambayar su wane ne suka shigo, su wane ne suka tafi. Gaskiya ne a yankunan Turai da noma ya cinye komai, gefen layi ya zama mafakar wasu tsirran da suka rasa wuri, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai hukuncin layin da ya ratsa gonaki daban yake da na wanda ya tsaga kurmi.

Na biyar, abin da ke zuba a ƙasa bayan jirgi ya fara aiki. Mun san dole a hana ciyawa fitowa a cikin tsakuwa, don tana toshe magudanar ruwa tana raunana layi, wannan maganar tsaron rayuka ce. Amma feshin da ake yi ba ya tsayawa a tsakuwa. Iska tana kai shi bakin daji, ruwa yana sauka da shi, tsakuwa kuwa ba ta da ruɓaɓɓen ganye da ƙwayoyin halittar da za su riƙe maganin su narkar da shi. Shi ya sa aka riƙa samun tsofaffin magunguna irin su atarazin da diyuron a ruwan ƙarƙashin ƙasa kusa da layuka a Turai. Kamfanin jiragen Faransa, SNCF, ya daina amfani da maganin kashe ciyawa mai suna gilaifoset a ƙarshen 2021, na Jamus, Deutsche Bahn, ya bi sahu a 2023, na Suwizalan kuma ya gwada jirgin da ke fesa tafasasshen ruwa. Sai katakon da ake ɗora dogo a kai, wanda a layin zamani ake jera kimanin 1,600 a kowace kilomita. Inda na itace ne, akan jiƙa shi da kiriyosot, baƙin man da ake samu daga kwal, wanda hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga jama'a tun 2003. Amma tsofaffin katakon da aka cire, sai ka gan su jibge a bakin daji suna tsiyaya, ko mutane sun kwashe suna girki da su ba wanda ya gargaɗe su. Ga garin ƙarfe daga birki da taya da dogo, ga jan ƙarfe daga wayar lantarki, ga giris da baƙin mai. Masu bincike a Suwizalan sun ƙiyasta a 2008 cewa layukan ƙasar na zubar da ƙarafa sama da tan 2,000 a shekara. A kan miƙaƙƙen layi wannan yakan tsaya kusa, ba kuma zan ce ya kai ɓarnar katafila ba. A tasha, da kwana, da wurin gyara da shan mai ne yake taruwa, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa.

Wuta ma tana cikin lissafi. Tartsatsin birki ko na injin goge dogo, in ya sauka a busasshiyar ciyawar da ta maye gurbin inuwa, ya isa. Kurmin da bai saba da gobara ba bishiyoyinsa ɓawonsu siriri ne, kowace wuta kuma tana ƙara tura bakin daji ciki.

Na ƙarshe shi ne abin da ke biyo layi. Jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi a 1853, kuma cikin shekaru kaɗan neman katakon layi da itacen wuta ya ci dazuzzuka har ya zama ɗaya daga manyan dalilan da suka sa aka kafa hukumar gandun daji a 1864 a ƙarƙashin Dietrich Brandis. A Brazil, layin Carajás mai kilomita 892 da aka buɗe a 1985 don jigilar tama ya jawo masana'antun narka ƙarfe a garuruwa irin su Marabá da Açailândia, waɗanda suka daɗe suna cin gawayin da aka ƙona daga dajin yankin. A Meksiko, an fara sare daji a sashen layin Tren Maya da ke tsakanin Cancún da Tulum tun kafin a amince da rahoton muhallinsa, har alƙali ya dakatar da aikin a 2022. Miliyoyin bishiyoyi sun tafi a aikin, a yankin da ƙasarsa 'yar siririya ce a kan dutse mai kogunan ruwa a ƙarƙashi. Hanyar da aka buɗe wa tifa, ita mai zarto da mai gawayi za su bi gobe in ba a rufe ta ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku sa masanin tsirrai da masanin ƙasa a teburin da ake zana hanyar layi, tun tana fensir. Ƙa'ida ta 6 ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wadda aka sabunta a 2012, ta jera matakan a bayyane: a kauce wa ɓarna tukuna, in ba hali a rage ta, sannan a gyara, diyya ce ta ƙarshe. Abin da muke gani shi ne ana tsallakawa kai tsaye zuwa diyya, a dasa baƙin itatuwa iri ɗaya a wani wuri a ce an biya. Inda akwai tsohuwar hanya ko filin da aka riga aka share, a bi ta nan, ko da layin zai ƙara tsawo. Inda ba makawa sai an ratsa kurmi ko fadama, a ɗaga shi a kan gada.

A yi ƙidayar tsirrai da gwajin ƙasa kafin katafila ta shiga, a damina da rani duka, don tsirrai da yawa ba a ganinsu sai da ruwa. A kafa filayen awo na dindindin, daga bakin layi har aƙalla mita 300 cikin daji, a kuma shigar da wannan faɗin cikin lissafin ɓarna da na diyya.

A rubuta maganar ƙasar sama a cikin kwangila da farashinta, kamar yadda ake rubuta siminti da rodi. A kankare ta daban, a ajiye ta a gajeren tsibi da bai wuce mita biyu ba, a rufe ta, a mayar da ita da wuri. A shata wa motocin aiki hanya guda da ba za su kauce mata ba, a farfasa dannanniyar ƙasa kafin a yi dashe, a cike kududdufai, a toshe hanyoyin shiga in an gama. Mai yiwuwa ne: a layin da ya isa Lhasa a yankin Tibet a 2006, a wasu sassa an yanke ciyawar tudu da ƙasarta, aka ajiye, aka mayar bayan aiki. Kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe a kan yawan ramukan da ya haƙa. A riƙe wani kaso sai an ga dashen da suka rayu bayan damina uku, kuma su kasance irin na dajin, daga irin da aka tara a wurin. Mazauna bakin daji sun san lokacin da kowace bishiya ke zubar da 'ya'ya, a ɗauke su aikin tarawa da reno a biya su.

A wanke kowace katafila da tifa kafin ta shiga daji, a duba wurin da za a ɗebo ƙasa da tsakuwa, a hana shuka baƙuwar ciyawa a gangare. Masu sintirin duba layi suna bin sa kullum, a koya musu fuskar miyagun tsirran nan biyar ko shida, su kai rahoto tun suna tushe ɗaya. Ƙasashenku sun amince a Montreal a watan Disambar 2022 za su rage shigowar irin waɗannan halittu da rabi kafin 2030, gefen layin dogo kuwa yana cikin ƙofofin da suke shigowa.

A yawaita kwalbatoci a shimfiɗa musu dutse a mafita, a yashe su kafin kowace damina. A taƙaita feshi a kan tsakuwa kaɗai, a hana shi kusa da rafi da ranar iska, a rubuta abin da aka fesa da yawansa. Tsofaffin katako masu kiriyosot a kwashe su a ƙona a inda aka tanada don haka.

Roƙon da sauran duka suka rataya a kansa shi ne na kuɗi da alhaki. Ku bankuna, ku sa sharaɗi a rance cewa a ware asusun kula da dajin gefen layi na aƙalla shekara 10 bayan buɗewa, wanda ba za a iya karkatar da shi ba. Ku hukumomin jirgi, ku naɗa jami'i guda mai suna da ofis wanda wannan aiki yake wuyansa, wanda malamin daji zai iya buga wa waya in ya ga kwalbati ya toshe ko baƙon tsiro ya ɓullo. Ku ma'aikatun muhalli, ku wallafa sakamakon awon kowace shekara a inda ɗalibi da ɗan jarida da manomi za su iya gani, da harshen da mutanen yankin ke ji. Layukan da aka riga aka gama ma kada a ce sun wuce, a fara da bin su a ƙasa a damina mai zuwa a rubuta halin da suke ciki. Muna da mutanen da suka iya wannan aiki, a shirye muke mu ba da su, kuma muna jiran amsarku a rubuce a kan waɗanne daga cikin buƙatun nan za ku sa a kwangilolin da ke gabanku yanzu.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin gandun daji, a madadin abokan aikinsa da mazauna bakin daji.